Ƙura, Zafi da Zanzaro: Shekaruna da Injin Ƙananan Jirage

Da gyaran mota na fara. Garejinmu yana Sabon Garin Zariya, kuma tun safe har la'asar ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙi da gyaran jirgin sama suna ta kewaya kanmu, ɗalibai na koyon tashi da sauka. Tun 1964 kwalejin take a garin, don haka ɗan Zariya ba ya ɗaga kai in ya ji ƙugin jirgi. Ni kuwa ina ɗagawa, saboda kunnena ya riga ya gaya mini cewa abin da ke ruri a can sama inji ne mai fistin da fulogi, irin wanda nake kwancewa kullum.

Allah ya nufa na yi karatun gyaran jirgi, na fito a tsakiyar shekarun 1990. A lokacin ana harhaɗa jiragen Air Beetle a Kaduna domin horar da matuƙan sojan sama, guda 60, kowanne da injin Lycoming mai ƙarfin doki 180, kuma duk wani matashi mai sifana a aljihu can yake hange. Ni rabona ya faɗa a wani ƙaramin kamfani mai 'yan jirage kaɗan, na ɗaukar mutum huɗu zuwa shida da na feshi. A nan na haɗu da maigidana, dattijon injiniya mai lasisi, wanda in bai sa hannu a littafi ba jirgi ba ya barin ƙasa.

Ranar da aka fara cire mini murfin injin Cessna 172 na tsaya ina neman sauran kayan. Ba lagireto, ba giyabos. Silinda huɗu ne kwance, biyu dama biyu hagu, iska ke sanyaya su, farfela kuma a ɗaure take kai tsaye a bakin karanshaf. Cikin injin ya haura lita biyar, amma ba ya wuce juyi 2,700 a minti, ƙarfinsa doki 150 zuwa 160. Tun shekarun 1950 ake ƙera shi a Williamsport ta Amurka, kuma bai sauya kama sosai ba. Injin Fijo 504 da na baro a gareji ya fi shi tarkace. Da farko abin ya ba ni mamaki, daga baya na gane hikimar: masu wannan sana'a sun fi son abin da aka riga aka san duk hanyoyin lalacewarsa a kan sabon abu mai kyau da ba a gama sanin halinsa ba. Har yau ina ganin suna da gaskiya.

Abin da ya bambanta shi da na mota shi ne wuta. Magneto biyu gare shi, kowanne yana haifar da tartsatsinsa da kansa ba ruwansa da batir, kuma kowace silinda fulogi biyu ce da ita, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Kafin a tashi, matuƙi yakan kai inji juyi 1,700 ko 1,800, ya kashe magneto ɗaya ya duba allura, ya mayar, ya kashe ɗayan. Dole juyin ya ɗan sauka. Littafin jirgin ya ba da iyaka, 125 ko 150 gwargwadon ƙirar, kuma tazarar da ke tsakanin biyun kada ta wuce 50. Wannan ɗan gwajin da bai kai minti ɗaya ba shi ne rabin binciken da muke yi. In juyin ya faɗi da yawa amma injin yana tafiya sumul, lokacin wutar ne ya goce. In ya faɗi yana karkarwa, fulogi ɗaya ce ko wayarta. Sai mu bar shi a kan magneton da ke karkarwar na ɗan lokaci, mu kashe, mu bi bututun salansa ɗaya bayan ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma. Wanda bai yi cuu ba, silindarsa ce ba ta ƙona mai. Sau da yawa fulogin ƙasa ce, ta cika da 'yan ƙwallayen dalma, domin shuɗin man jirgi da ake kira 100LL yana ɗauke da dalma har fiye da rabin giram a kowace lita, kuma in ana yawan barin inji yana aiki a hankali a ƙasa da mai a buɗe, can take taruwa.

Wanda ya fi tsoratar da maigidana shi ne a kashe magneto allura ta ƙi motsi. Ma'anarsa wayar da ke kashe wutar ta tsinke, magneton yana raye ko da makulli yana aljihunka. Irin wannan jirgin in wani ya taɓa farfela yana iya tashi a hannunsa. Mutum ne mai sanyin hali, amma duk wanda ya gani ya jingina da farfela, ko baƙo ne mai babbar riga, zai ji muryarsa daga ƙarshen rumfa.

Masu ƙera waɗannan injina sun rubuta littattafansu a ƙasar da ba ta san hunturu irin namu ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na kwaso ƙura daga arewa maso gabashin Tafkin Cadi, lallausa ƙwarai, ta cika sama har a rufe filin jirgin Kano. Matuƙa hazo suke tsoro saboda gani. Mu kuwa abin da ke shiga cikin inji muke tsoro. Ƙurar nan in ta gauraya da baƙin mai tana cin ringi da bangon silinda a hankali, ba ƙara, ba alama, sai ranar gwajin matsi. Yadda ake yi, a kawo fistin ƙololuwa, mutum ɗaya ya riƙe farfela da ƙarfi, a tura iska mai awo 80 ta ramin fulogi, a ga nawa silindar ta riƙe. In ta sauka ƙasa da 60 sai a kasa kunne. Huci a salansa, bawul ɗin fitar hayaƙi ne. Huci a bakin kafireta, bawul ɗin shigar mai ne. Huci a wurin zuba baƙin mai, ringi ne, kuma bayan hunturu nan muka fi jin sa.

Ba filtar iska ce kaɗai ƙofar ƙura ba, kuma wannan na daɗe ina jayayya da matasan matuƙa a kai. Akwai wata 'yar ƙofa da ke kawo iska mai ɗumi daga jikin salansa zuwa kafireta, kuma iskar da ke bi ta nan ba a tace ta. Matuƙin da ya sauka a filin ƙasa ya manta bai rufe ta ba, duk ƙurar da farfela ta tayar kai tsaye take shiga silinda. Haka in robar bakin akwatin iska ta saki. Shi ya sa a hunturu ba ma jiran awa 50 ta cika kafin mu juye baƙin mai. Kuma ba ma jefar da tsohuwar filtar mai sai mun yanka ta, mun warware takardar cikinta a rana, mun bi ta da maganaɗisu. Abin da ya manne ƙarfe ne, daga kamshaf ko bangon silinda. Mai sheƙi da bai manne ba alminiyam ne, daga fistin. Ja-ja kuwa tagulla ce, daga bushi. Inji yakan daɗe yana zubar da waɗannan 'yan ɓarɓashi kafin ya tsaya, kuma a takardar nan kaɗai ake ganinsu.

Sai bazara. Filin Kano yana kan tudun da tsayinsa bai kai mita 500 sama da teku ba, amma ranar da zafi ya kai digiri 40 iskar takan yi shara-shara har inji ya ji kamar yana kan tudun mita 1,500. Wajen kashi 15 cikin ɗari na ƙarfinsa ya tafi ke nan tun bai motsa ba. Matuƙi zai dawo ya ce inji ba ya ja, mu bincika mu tarar lafiyarsa lau, rana ce kawai da yawan kaya. Abin da ke hannunmu a nan shi ne faifan alminiyam da robobin da ke tilasta wa iska bi ta tsakanin silindu. Roba ɗaya in ta lanƙwashe baya, silindar da ke can ƙurya za ta riƙa dahuwa ba wanda ya sani.

Aikin da ya fi zauna mini a rai a kwarin Haɗeja muka yi shi, a ƙarshen wata damina, cikin watan Satumba. Jan baki ya sauko wa shinkafa da gero. Wanda bai ga wannan tsuntsu a garkensa ba ba zai gane ba: sama takan yi duhu, su sauka a gona, su tashi su bar zangarniya fayau. Tun asuba yara da mata suna cikin gonaki suna ihu, suna jan igiyoyin da aka rataya wa gwangwanaye, har muryoyinsu su dishe. Da dare tsuntsayen suna kwana cikin kachalar da ta cinye fadamun tsakanin Haɗeja da Nguru, kuma a nan ake samunsu. Jirgi yakan tashi dab da magariba, lokacin da suka taru, ya bi ta kansu ƙasa-ƙasa yana fesa maganin fenthion. Tsakaninsa da kan ciyawa 'yan mitoci ne, ƙarƙashinsa ruwa, gabansa duhu na shigowa. In inji ya yi tari a wannan wuri, matuƙi ba shi da sararin da zai yi shawara.

Jirginmu Piper Pawnee ne mai kujera ɗaya, da injin Lycoming mai silinda shida, ƙarfin doki 235. Ya yi makonni a ƙarƙashin wata rumfar kwano a bakin filin ana jiran isowar magani. Yammacin farko da ya tashi, ba a jima ba muka ji shi yana dawowa, kuma tun daga nesa sautin ba daidai yake ba. Ya sauka lafiya. Kyaftin ya fito, rigarsa sharkaf.

Maigida bai taɓa sifana ba. Ya sa aka kawo benci da ruwan sha, ya zaunar da Kyaftin.

"Kyaftin, ba ni labari tun daga farko. Yaushe ya fara?"

"Kamar kwata da tashi, Injiniya. Na gama layi na ba shi wuta zan hau, sai ya riƙa ja yana saki, ja yana saki."

"Ya yi harbi ta salansa?"

"Bai yi ba."

"Allurar baƙin mai fa?"

"Tana inda take. Zafi ma daidai. Na gwada magneto ɗaya-ɗaya, duk ɗaya ne. Na ja iskar ɗumi, ba abin da ya sauya. Da na rage totur sai ya daidaita, da haka na lallaɓo."

Tambayar iskar ɗumi tana da dalili, ko da yake mutane kan yi dariya in an ce ƙanƙara a Haɗeja. A maƙogwaron kafireta iska tana matsewa ta yi gudu, mai kuma yana zama tururi, su biyun suna iya sauke zafin wurin da digiri 20 ko fiye. In akwai laima a iska, kamar yammacin damina a kan fadama, ƙanƙara na iya taruwa ta shaƙe injin alhali mutane a ƙasa suna fifita. Amma da ita ce, da iskar ɗumi ta narkar da ita. Da wuta ce, da wuya magneto biyu su lalace lokaci guda iri guda. Injin da ke lafiya a ƙaramin totur ya kasa a babba, yunwar mai yake ji. Maigida ya faɗi haka tun a daren, kuma bai sauka daga kai ba.

Da gari ya waye muka bi hanyar mai tun daga ganga. Muka tsiyaye ƙasan tanki a kwalba muna neman ruwa, domin ruwa ya fi mai nauyi, yakan kwanta a ƙasa, babu. Muka ɗiga man a farar takarda: man jirgi na gaskiya yakan bushe bai bar tabo ba, in an gauraya shi da kananzir sai ya bar zoben maiƙo, takarda ta bushe fes. Rariyar da ke ƙasan inji tsaf, ta bakin kafireta tsaf. Muka cire tiyo muka auna yawan man da ke zuba a bokiti cikin minti guda, ya wuce abin da injin ke bukata. Muka ciro fulogi goma sha biyun, biyu na ƙasa da dalma, muka wanke muka mayar. Aka tayar da inji a ƙasa, ya yi ruri kamar ba abin da ya taɓa samunsa.

Kowa ya ce fulogi ne, an gama. Maigida ya ce fulogi biyu masu datti ba sa sa inji ja da saki. Ya yarda a yi gwaji, amma da rana, ba magani a ciki, kuma a hau sama sosai a riƙa kewaya kan filin. Aka cika tanki, Kyaftin ya tashi. Muna tsaye muna kallo, wajen kwata guda, muka ji shi da kunnenmu.

A nan matsi ya taso. Kamfani ya aiko cewa za a turo wata kafireta da magneto biyu a sauya duka a huta. Jami'in da ke kula da aikin feshin ya zo da wakilan manoma, dattawa, wasu sun yi tafiyar awanni a kwalekwale. Ba zan manta fuskokinsu ba. Ba su yi faɗa ba. Ɗaya daga cikinsu ya buɗe buhu ya zazzage zangarniyar geron da tsuntsu ya cinye a gabanmu, ya koma ya tsuguna.

"Injiniya, ka dubi Allah ka dubi mutanen nan," in ji jami'in. "Inji yana tashi, na ji da kunnena. Ko rabin awa ce a yi musu yau."

"Ranka ya daɗe, na gan su, ni ma ɗan manomi ne. Amma da muguwar rawa gara ƙin tashi. In na sa hannu ya faɗa kachala, ba jirgi, ba matuƙi, tsuntsu kuma yana nan."

Batun sauya kaya uku a lokaci ɗaya ma ya ƙi. Hujjarsa ita ce, in an sauya aka ga kamar ya warke, ba wanda zai iya cewa ga abin da ya warkar da shi, kuma ciwon da ke ɓuya kwata guda yana iya ɓuya awa guda. A lokacin raina ya ƙuntata, domin ina ganin dattawan nan a tsugune. Amma sa hannun injiniya a littafin inji shaida ce cewa ya san abin da ya lalace kuma ya gyara, ba cewa yana fata ba, kuma wanda zai hau ya dogara da wannan shaidar da ransa.

Wanda ya warware mana ƙullin wani saurayi ne ɗan garin da muka ɗauka yana juya famfon ganga yana zuba mai. Yana gefe yana jin muhawarar, sai ya matso ya rusuna.

"Baba, in yi tambaya? Shi murfin tankin nan dama haka yake yi? Duk sanda aka sauka na zo buɗewa sai ya riƙe, in ya buɗu kuma sai ya ja iska, fuu."

Maigida ya dube shi. "Ɗana, sake faɗa. Fitowa iskar take yi ko shiga?"

"Shiga take yi, Baba."

Tankin wannan jirgi yana tsakanin inji da tankin magani, kuma mai da nauyinsa yake gangarowa kafireta. Duk litar da ta fita dole iska ta shiga ta maye gurbinta, ta wani siririn bututun numfashi. Duk wanda ya taɓa huda gwangwanin madara wuri ɗaya ya san abin da ke faruwa: ta ɗan zubo ta tsaya, sai an huda na biyu. Injin nan yana shan kusan lita guda a minti. In tanki a cike yake, iskar da ke samansa kaɗan ce, don haka cikin ɗan lokaci sai tsotson ya fi ƙarfin nauyin man, abin da ke isa kafireta ya ragu. A ƙaramin totur yana isa, a babba ba ya isa. A ƙasa kuwa ba mu gani ba, saboda kafin kowane gwaji sai an buɗe murfi an leƙa mai, tanki ya shaƙi iskarsa, kuma ba ma barin inji ya daɗe yana ruri a tsaye don kada ya yi zafi.

Bakin bututun a buɗe yake, duk wanda ya leƙa zai ce lafiya. Muka kwance shi daga jikin tanki, don kada mu tura dattin ciki, maigida ya sa baki ya hura, kumatunsa suka cika. Muka zura waya, ta wuce lanƙwasa ta tsaya. Abin da ya fito busasshen jan laka ne, da 'yan tsutsotsin da zanzaro ke ajiye wa 'ya'yansa. Makonnin da jirgin ya yi a rumfa sun ishe shi gini.

Muka wanke bututun, muka mayar, muka ɗaure da wayar kulle. Aka cika tanki har baki, Kyaftin ya hau ya yi ta kewaya fiye da ninki uku na lokacin da ciwon ke bayyana, yana ba shi wuta yana ragewa. Da ya sauka maigida ya kira saurayin nan ya ce shi zai buɗe murfin. Ya buɗu ba ko motsin iska. Sannan ya rubuta abin da aka samu da abin da aka yi, ya sa hannu, aka yi feshi a yammacin. Daga ranar duk wani rami a jikin jirginmu, na numfashin tanki da na auna gudu, yana da marufi mai jan ƙyalle in jirgi na tsaye. Ba ƙananan jirage kaɗai wannan ƙwaro ke yi wa haka ba. A 1996 wani Boeing 757 ya faɗa teku jim kaɗan da tashi daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu, kuma masu bincike sun fi zargin gidan irin wannan ƙwaron a bututun auna gudu, bayan jirgin ya yi makonni a ajiye.

Jirage marasa nauyi, masu fiffiken yadi, daga baya na san su. Wani Bature ya zo Nguru da nasa cikin hunturu yana ɗaukar hotunan tsuntsayen ƙaura: kujera biyu a kan ƙafa uku, rataye a ƙarƙashin fiffike, inji a baya. Rotax 582 ne, ƙirar Ostiriya, silinda biyu, doki 65, irin injin da ake gauraya wa baƙin mai cikin fetur, kashi ɗaya cikin 50. Yana juyi sama da 6,000 a minti, kuma awa 300 kacal aka ba shi kafin a kwance shi gaba ɗaya, alhali Lycoming na kaiwa 2,000. Ya aiko a kira mu domin allurar zafin hayaƙin silinda ɗaya tana taɓa digiri 650, iyakar da aka gindaya, ɗayar kuwa tana ƙasa.

A irin wannan inji man da ke shiga shi ne abinci, shi ne mai sanyaya fistin, shi ne kuma ke ɗauke da maiƙo. In iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, abu uku ka rasa a lokaci ɗaya, fistin ya kumbura ya kama bango, farfela ta tsaya cak ba gargaɗi. Fulogin silindar ta fito fara fat maimakon ruwan ƙasa. Maigida ya kama kafiretar ya ɗaga ta sama kaɗan, sai ga tsaga a ƙasan robar da ke riƙe ta, inda ido ba ya kaiwa. Rana ta gasa ta. Iska na satar hanya ta nan, ga kuma sanyin safiyar hunturu da ke sa iska ta yi nauyi, ta ƙara rinjayar man. Muka cire salansa muka haska fistin ta ramin hayaƙi, ga zane-zane sun fara. Mai jirgin yana da sabuwar roba a jaka, ya so ya sa ya ci gaba. Maigida ya ce masa roba ta warke amma fistin bai warke ba, kuma aikinsa a kan ruwa yake. Ya haƙura ya jira kaya daga Turai. Muka kuma roƙe shi ya daina sayen fetur a jarka wurin 'yan bumburutu, domin wanda aka sirka da kananzir yana fashewa kafin lokaci, yana iya huda kan fistin.

Babban wansa, Rotax 912, wanda aka fara fitarwa a 1989, ya fi haƙuri nesa ba kusa ba: silinda huɗu, doki 80 ko 100, ruwa na sanyaya kawunan, iska na sanyaya jikin, da giyabos mai rage juyi kafin farfela. Amma yana da nasa sharuɗɗa. Ba a auna baƙin mansa sai an juya farfela da hannu, ta inda take juyawa, har an ji tankin mai ya yi gyatsa. Wanda bai san haka ba zai ga kamar mai ya ragu ya ƙara, ya yi yawa. Kafireta biyu ne da shi, dole a daidaita su da ma'aunin tsotso, in ba haka ba rabin inji na jan rabi, giyabos na shan wahala. An ce a sauya duk robobinsa bayan shekara biyar. Ni a ranar nan tamu ban taɓa yarda roba ta kai biyar ba tare da na lanƙwasa ta na duba ba.

Shuɗin mai kuwa kullum ƙara wuya yake, ana shigo da shi a ganga da tsada. Shi ya sa ban yi mamaki ba da kwalejin Zariya ta koma ga jiragen Diamond masu injin dizal da ke shan kananzir ɗin manyan jirage, wanda ake samu a kowane babban fili. Su kwamfuta ke sarrafa su, makaniki yakan jona tasa ya karanta abin da injin ya rubuta. Na ga amfaninsu, kuma ina jin daɗin yadda yaran yanzu suka iya su.

Amma rashin man nan ya kashe injina da yawa ta wata hanyar, wato zama. Wani attajiri ya kira mu mu duba Cessnarsa da ta yi shekaru a rumfa, yana so ya sayar. Yana alfahari da cewa awannin injin ba su kai rabin 2,000 ba, kuma duk Juma'a yana sa a tayar da shi na minti goma don kada ya lalace. Wannan tayarwar ita ta fi cutar da shi. Ƙonewar mai tana haifar da tururin ruwa, wani yana gangarawa cikin baƙin mai, kuma ba ya fita sai man ya yi zafi sosai ya daɗe a haka. Shi ya sa masu ƙera injin suka ce a tashi da shi sama aƙalla awa guda a kowane wata, ko kuwa a zuba masa man ajiya a toshe shi. Minti goma a ƙasa ruwa kawai yake ƙarawa. A Lycoming kamshaf yana sama da karanshaf, shi ne na farko da mai ke tsiyayewa ya bari tsirara. Ga kuma sharaɗin da mai jirgin bai sani ba: awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa, kuma shekarun sun wuce.

Muka ciro silinda ɗaya, na zura tocila da ɗan madubi ta ramin. Ƙusoshin kamshaf sun yi tabo-tabo, fuskar abin da ke tura bawul ta fara ɓarewa, bangon silindar kuma ja da tsatsa daga inda ringi ya tsaya zuwa ƙasa. Muka yanka filta, maganaɗisu ya fito da gashin ƙarfe. Maigida ya rubuta cewa injin ba zai tashi ba sai an kwance shi gaba ɗaya, aka nemo farashi daga waje da dala, aka kai wa Alhaji. Ya duba takardar, ya ce zai yi shawara. Muka zuba man ajiya, muka toshe salansa da bakin iska, muka rataya wa farfela allon da ke cewa kada a juya ta. Daga baya wani ya sayi fikafikan da kayan cikin don gyaran nasa jirgin, injin kuma aka sauke shi aka sa a akwati.